Yaya ta aike ni Finlan in gano mata ɗanta

Yaya ce ta ja min wannan tafiyar, ni ba yawon buɗe ido na shirya ba. Wajen aiki ne suka tura mu kwas na sati biyu a Tallinn, babban birnin Estoniya, to tana jin labari sai ga kiranta tun ban gama haɗa jaka ba, wai an ce mata daga can zuwa inda ɗanta yake karatu tsallaken ruwa ne kawai, don haka ko ina so ko ba na so sai na je na gano mata shi da idona. Hoto ne ya tayar mata da hankali. Yaron ya ɗora a WhatsApp, yana tsaye cikin wasu kaya riga da wando a haɗe irin na kanikawa, ruwan hoda fa jama'a, an bi su da faci kala-kala tun daga ƙugu har idon sawu, gwiwar ta yi baƙi ƙirin. Ta ce min "Ni dai digiri na biyu na injiniya aka ce min ya tafi yi, in gareji ya koma ai gara ya dawo gida, garejin ma ga shi nan a Ƙofar Ruwa." Na yi dariya na ce Yaya ki kwantar da hankalinki, amma a raina ni ma hoton bai kwanta min ba.

Ta haɗo ni da yaji da kuka da daddawa. Kilishi kam na ce a bar shi, ba a shiga da nama ƙasashen Tarayyar Turai, ba zan je a kwance min jaka a filin jirgi kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar 29 ga Afrilu na hau jirgin ruwa daga Tallinn, awa biyu muka sauka Helsinki. Yaron ya tare ni a tashar, kuma wallahi da kayan nan a jikinsa, ya ɗaure hannayen rigar a ƙugu ya ɗora jaket a sama. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, wannan ya ɗan sanyaya min rai, sannan na ce masa kai yanzu duk kayanka ka rasa wanda za ka zo tarar kawunka da shi sai wannan? Ya ce "Kawu ka bari mu shiga jirgin ƙasa tukuna." Muna shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa sai na gane ni ne bare. Taragon cike yake da samari da 'yan mata cikin irin kayan nan, wani baƙi wani fari wani shunayya wani kore, ga tsofaffi a zaune ko kallo ba su ishe su ba.

Kamar minti goma sha biyar muka isa Otaniemi, a garin Espoo, inda Jami'ar Aalto take. Sunan sabo ne, a 2010 aka haɗe tsohuwar jami'ar fasaha ta Helsinki da ta kasuwanci da ta zane-zane suka zama ɗaya, amma ita ta fasahar tushenta tun 1849 ne. Alvar Aalto, shahararren mai zanen gine-ginen nan nasu, shi ya tsara harabar, duk jan bulo ne a cikin itatuwa ga teku a gefe. Ɗalibin injiniya a nan sunansa teekkari, kuma yadda suke furta kalmar sai ka ce sarauta ce.

Kayan da suka hana Yaya barci sunansu haalarit. Kowane sashe yana da ƙungiyarsa ta ɗalibai da suke kira kilta, kowace kilta da kalarta, saboda haka daga nesa ka san me mutum yake karanta tun bai buɗe baki ba. A Otaniemi ruwan hoda na masu injiniyan injina ne, baƙi na 'yan kwamfuta, fari na 'yan lantarki. Na ce to su masu injina da ya kamata su fi kowa nuna ƙarfi ya aka yi suka ƙare da ruwan hoda? Ya ce su alfahari ma suke da shi. Facin kuma ba yagewa kayan suka yi ba, bajoji ne, duk taron da ka je ko aikin da ka yi wa ƙungiya sai ka samo ɗaya, wasu a saya wasu a yi musaya da ɗaliban wata jami'ar, kuma da hannunka za ka ɗinka da zare da allura, ba a manna su da gam. Yaron nan da a gida ko maɓalli ya cire sai ya kai wa uwarsa, na duba ɗinkinsa, na farko-farkon kamar tafiyar kaza, na baya-bayan kuwa har sun fara kyau. Dauɗar ita ce ban iya kare shi a kai ba. Al'adarsu ba a wanke haalarit, sai dai in mutum ya faɗa tafki ko teku da su a jikinsa. Na ce to wannan ban san yadda zan faɗa wa mahaifiyarka ba.

Ɗakinsa yana cikin unguwar ɗalibai, Teekkarikylä, kuma a nan na fara jin abin da ya sa na rage raina su. Bayan yaƙin duniya na biyu ɗalibai ba su da wurin kwana a Helsinki, sai suka tashi da kansu suka shiga neman kuɗi da kayan gini. Ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat da ke Helsinki ya rushe a ruwan bama-baman 1944, kuma jiragen Sobiyat ɗin ne da kansu suka yi ruwan bama-baman, to ɗaliban nan suka je suka kwashi bulon kangon suka kankare shi ɗaya bayan ɗaya aka yi ginin farko da shi. Da aka zo gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, a unguwar aka sauki 'yan wasan Sobiyat da na ƙasashen da ke bayanta. Kenan mutanen sun zo sun kwana a cikin bulon ofishinsu. Irin wannan gayyar da suke yi su fito gaba ɗaya kan wata buƙata suna ce mata tempaus, kuma wai ba shugaban ɗalibai ne yake kiranta ba, wani injiniya ne mai ƙaton gemu wanda ba a taɓa gani ba, kamar dai dodon tatsuniya.

Da yamma ya kai ni ɗakin ƙungiyarsu. Kujeru tsofaffi, allo cike da lissafi, injin kofi da ba ya hutawa, don mutanen nan shan kofi ba na wasa suke ba, ni da na saba da shayi mai madara sai da na ji zuciyata tana bugawa bayan kofi na biyu. An ce 'yan Finlan ba sa magana, kuma gaskiya ne, a jirgi za ka iya zama kusa da mutum awa guda bai ce maka uffan ba. Amma a ɗakin nan wani dogon saurayi mai gemu ruwan zuma, wanda yaron ya ce shi ne aka ɗora wa kula da su baƙi 'yan shekarar farko, da ya ji ni ma injiniya ne sai baki ya buɗe.

Shi ya ba ni labarin jäynä. Tsokana ce, amma mai doka: kar ta cutar da kowa, kar ta lalata dukiya, kar ta wulaƙanta, kuma in an gama wanda aka yi wa shi ma ya yi dariya. Wadda suke ji da ita ta 1961 ce. Akwai wani jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa da ya nitse a gaɓar Stokholm a 1628, ranar da ya fara fita, ya shekara 333 a ƙarƙashin ruwa kafin a ɗago shi, duk duniya ta zuba ido. Ana gab da ɗagowa wasu teekkari suka lallaɓa suka ajiye ɗan ƙaramin mutum-mutumin Paavo Nurmi a kan jirgin. Shi kuwa Nurmi ɗan tseren Finlan ne mai zinare tara a Olamfik, an haife shi a 1897. Ka ƙiyasta fuskar masana tarihin Suwidin, sun ciro jirgin ƙarni na 17 sun tarar da ɗan tseren maƙwabta a ciki. Finlan da Suwidin dama akwai 'yar tsama irin ta taubasai, shekaru ɗaruruwa Finlan tana ƙarƙashin sarautar Suwidin. Na ce masa wannan ai wasan Kanawa da Zage-zagi ne, ko na Fulani da Barebari, na ɗan yi masa bayani, ya ce to ashe za ku gane.

Akwai kuma wata da suke bayarwa kamar almara, wai sun sayi bencin lambu da kuɗinsu suka karɓi rasit, suka yi ta yawo da shi a gari, duk ɗan sandan da ya tare su sai su zaro rasit, har aka gaji aka sanar wa 'yan sanda cewa duk wanda ya ga ɗalibai da benci ya ƙyale su. Daga nan suka bi gari suka kwashe bencina suka canza musu wuri. Wannan kam na yi dariya har da hawaye.

Daren nan aka ja ni sauna. Ɗaki ne na katako da murhun duwatsu, ana watsa wa duwatsun ruwa turiri ya taso ya doke ka, sirace ne dai na jiki gaba ɗaya. Su a al'adarsu tsirara ake shiga. Na ce ni fa da gajeren wandona har gwiwa zan shiga ko kuma in jira a waje, ba wanda ya ce min don me, ko ɗaga gira ba a yi ba. Suka fita suka faɗa teku, ruwan da ƙanƙararsa ba ta daɗe da narkewa ba, ni na tsaya a bakin gaɓa da tawul ina musu fatan alheri.

Washegari, 30 ga wata, ita ce jajibirin Wappu. Sauran jama'a Vappu suke rubutawa, su teekkari sai da W. Bikin 1 ga Mayu ne, na ma'aikata da ɗalibai da murnar fitar hunturu, kuma in ka ga irin duhun da suke sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba za ka ga laifinsu ba. Abin da ya ba ni dariya, duk tsawon shekara 'yan shekarar farko, fuksi, ba a yarda su ce Wappu zai zo ba, sai dai su ce "in har an yi shi", don akwai wani babba a cikin ɗalibai mai muƙamin manjo wanda wai shi ne zai yanke ko za a yi ko ba za a yi ba, ya danganta da halin da suka nuna. Kowa ya san za a yi. Amma da ya fito ya yi shela ihun da aka yi sai ka rantse da gaske suke tsoro.

A ranar ake ba su hular. Fara ce da baƙin baki, da igiya mai baƙin tuntu da ke saukowa kafaɗar dama, tuntun ya tuna min da na dara. Tun 1893 suke da ita. Ta Otaniemi kusurwa shida gare ta, ta Lappeenranta bakwai, ta Oulu takwas, su dai komai sai sun saka lissafi. Kuma ba a saye kawai, sai ka tara maki a wani kati: ka je taro kaza, ka yi wa ƙungiya aiki, ka koyi waƙoƙi, ka ziyarci kamfani, ka san tarihin wurin. Yaron ya nuna min katinsa duk tambari. A ciki har da ranar da ya yi wankin kwanuka a wata liyafa da suke kira sitsit, inda ake zama a dogon tebur ana cin abinci ana tsayawa ana rera waƙa bisa umarnin mai ba da waƙa, abincinka ya huce kana kallo.

A nan na yi shiru na tuna shekarata ta farko a jami'a. Mu abin da muka sani tsakanin babba da ƙarami shi ne a aike ka ɗebo ruwa, a ƙwace maka katifa, ka yi sati uku kana yawon rajista ba wanda zai nuna maka ƙofar da za ka bi. Muna da namu wasan, ranar rag da ake shigar mahaukata ana bin titi da gwangwani, da ranar gama jarrabawa da ake rubuce farar riga da maka, amma kwana ɗaya ne ya wuce. Shi kuwa yaron nan ya ce ranar da ya sauka wannan dogon ne ya karɓo masa makullin ɗaki, ya raka shi ya sayi takalmin sanyi, ya nuna masa kantin ɗalibai inda ake cin abincin rana a kan kusan yuro uku, kuma a watan Disamba da duhu ya danne shi ya daina fita, su suka riƙa zuwa suna buga masa ƙofa.

Ba zan ɓoye ba, ana shan giya, kuma sosai. Kafin la'asar na ga waɗanda ƙafa ta fara gardama, da dare kuwa na ga abin da ba sai na faɗa ba. Wannan shi ne ainihin tsoron Yaya ko da ba ta furta ba, kuma shi na zuba wa ido. Na tambaye shi kai tsaye muna tafiya. Ya ce "Kawu wallahi ban taɓa ba, kuma ba wanda ya taɓa matsa min, in za a yi sitsit tun wajen rubuta suna ake tambaya mai giya ko marar giya." Na lura kuma ba shi kaɗai ke riƙe da kwalbar lemo ba. Akwai wani abin sha na bikin, sima, na lemon tsami da sukari da ake ɗan tsimawa, shi ma na ce a kai kasuwa, na tsaya kan munkki, wato donot ɗinsu mai sukari, na ci uku. Ban ce muhallin ya yi min daɗi duka ba. Yaro mai raunin hali zai iya narkewa a ciki, wannan gaskiya ce.

Muka shiga Helsinki da yamma. A hanya ɗalibai suka tare ni da mujallar barkwancinsu, akwai biyu, Äpy da Julkku, suna karɓa-karɓa shekara-shekara, Äpy tun 1948 take fitowa kuma an taɓa buga ta a kan takardar banɗaki, an taɓa bugawa a kan zanin gado. Na saya duk da ba na jin ko kalma ɗaya. Ƙarfe shida a bakin kasuwar gaɓar teku akwai wani mutum-mutumin mace a tsakiyar maɓuɓɓugar ruwa, Havis Amanda, suna ce mata Manta, tun 1908 take wajen. Aka ɗaga ɗalibai da kiren suka wanke ta da burushi suka ɗora mata farar hula, sai dubban mutane suka ɗora nasu a lokaci ɗaya. Ita hular wannan ta duk wanda ya ci jarrabawar gama babbar sakandare ce, na ga wata tsohuwa da sanda tata ta koma ruwan ƙwai don tsufa. Ni dai mutum-mutumin ba kaya a jikinta, na fi kallon jama'ar.

Magariba sai wajen tara da rabi. Muka koma Otaniemi muka yi salla a ɗakinsa, muka ɗan jira muka yi isha, sannan muka fito. Duk yinin nan hular tana hannunsa ko a kafaɗa, ba a yarda ya saka ba sai sha biyun dare. Da lokaci ya yi aka yi tsit, suka rera waƙarsu, ɗaruruwan fuksi suka ɗora hula tare. Daga daren har 30 ga Satumba yana da izinin sakawa, bayan nan sai da izini na musamman. Na kalle shi yana rera waƙa da yaren da bai fi wata takwas da fara ji ba, wani ya rungume shi ta nan wani ta can. Na ɗauki hoto, hannuna yana rawa, sanyi ne.

Da safe na ce sai mun je Tampere, don an ce min can ne ake abin da ya fi komai hauka. Ƙasa da awa biyu ne a jirgin ƙasa. Garin masana'antu ne, an gina shi a bakin wani ruwa mai gudu, Tammerkoski, da ke gangarowa mita 18 daga tafki ɗaya zuwa wani, ga tsohuwar masaƙar Finlayson ta jan bulo a gefe wadda aka kafa a 1820, yanzu ta koma gidajen abinci da gidan tarihi, sai da na tuna masaƙun Kakuri a Kaduna na ji wani iri. A Tampere ba ka zama teekkari sai an tsoma ka. Tun 1966 suke yi. Kiren ne ke tsaye a bakin ruwan da wani ƙaton kwando na ƙarfe, a zuba yara kamar goma a ciki daga su sai kayan wanka, a ɗaga su sama a juya a saukar da su cikin ruwan, su yi ta ihu jama'a suna tafi, a ciro su a kawo wasu, haka har yamma. Ni ina cikin jaket biyu haƙorana suna haɗuwa. Amma injiniya ba ya rasa abin dubawa, na tsaya ina kallon yadda aka tsara layi, mai ba direban kiren alama, masu ceto a shirye, waɗanda aka ciro ana wucewa da su sauna kai tsaye, kuma yawancin masu gudanar da abin yara ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya. Na sha zuwa wajen aikin gini na miliyoyi da bai kai wannan tsari ba. Yaron ya ce "Kawu ka ga mu a Otaniemi an yi mana sauƙi." Na ce ka gode wa Allah, da nan ka zo da uwarka ta biyo jirgi.

A hanyar dawowa ya zaro allura da wani sabon baji da ya yi musaya da wani ɗan Tampere, ya shimfiɗa ƙafar wandon a cinya yana ɗinki. Na ga yana karkacewa na karɓa na yi masa gefe ɗaya, ya ce ai doka ta ce da hannu, ba ta ce hannun wa ba. Muna cikin haka Yaya ta kira ta bidiyo. Ya gyara hula, ya daidaita tuntun a dama, ya gaishe ta. Ta daɗe tana kallonsa sannan ta ce a ba ta ni. Na ce Yaya yaro yana nan lafiya, yana salla, na ga sakamakonsa da idona, kuma yana da mutane. Ta ce alhamdulillahi, hular ma ta yi masa kyau. Sai ta matso da fuskarta kusa da wayar ta ce "To wai har yanzu bai wanke wandon nan ba?" Na miƙa masa wayar na juya ina kallon taga.